Inji Ya Buga: Kamfani Ne Zai Biya Ko Mai Mota?

Duk wanda ya taɓa mallakar mota ya san babu maganar da ta fi tsinka zuciya irin bakanike ya ɗago kansa daga cikin bonet, ya share hannu da tsumma, sa'an nan ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, inji ya buga." Daga nan sai lissafi ya tashi. In motar sabuwa ce, to da sauƙi, sai a nufi kamfanin da ya sayar da ita da takardar garanti a hannu. In kuwa ta hannu ce, kamar yadda galibin motocin da ke yawo a titunan ƙasar nan suke, sai wata tambaya ta taso wadda ba a cika samun mai amsa ta ba. Shin laifin wa? Na wanda ya ƙera ne, ko na wanda ya fara hawa, ko na dillalin da ya sayar, ko kuwa na mai ita na yanzu, wanda za a ce bai yi juyen baƙin mai a kan kari ba?

Wannan tambaya ta kai wasu manyan kamfanoni biyu na Koriya ta Kudu, watau Hyundai da Kia, gaban hukuma da gaban alƙali a Amurka, aka shafe fiye da shekara 5 ana ta fafatawa. Labarin ya cancanci a ba da shi filla-filla, domin motocin da aka yi rigimar a kansu ba a Amurka kaɗai suka tsaya ba. Da yawa daga cikinsu sun hau jirgin ruwa, sun sauka a Legas, sun bazu har Abuja da Kano.

ƁARƁASHIN ƘARFE

Injin da ya jawo rigimar sunansa Theta II, mai silinda 4, kuma kamfanonin biyu duka sun riƙa sa wa motocinsu shi, tun da yake Hyundai ya karɓi ragamar Kia a 1998, tukunyarsu ta zama kusan ɗaya wajen ƙere-ƙere. Ana samunsa a cikin Sonata da Santa Fe da Tucson na Hyundai, da kuma Optima da Sorento da Sportage na Kia.

A cikin watan Satumba na 2015 Hyundai ya yi wa Sonata kimanin 470,000 ƙirar 2011 da 2012 kiranye, watau ya nemi masu su da su kai su gareji a duba kyauta. Bayanin da kamfanin ya yi wa hukuma shi ne, a masana'antarsa da ke Montgomery cikin Jihar Alabama, ba a tsabtace karanshaf sosai ba bayan an huda shi. Karanshaf dai shi ne ƙarfen nan mai gwiwa-gwiwa da ke juyawa a gindin inji, kuma akwai 'yan ƙananan ramuka a jikinsa waɗanda baƙin mai ke bi ya isa ga metal, watau 'yan faya-fayan nan masu kama da rabin awarwaro da ke tsakanin karanshaf da konrod. Muddin mai yana isa wurin, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, a kan mai suke sulɓi. Amma in ɓarɓashi ya maƙale a ramukan, mai sai ya ragu, metal ya ɗauki zafi ya fara cinyewa. Da farko mai mota zai ji wata 'yar ƙara ƙwas-ƙwas, wadda ke ƙaruwa in ya taka totur. In aka ci gaba da tafiya a haka, ko dai injin ya cije ya mutu a tsakiyar titi, ko kuwa konrod ya karye ya fasa bulok, baƙin mai ya tsiyaye a kan salansa mai zafi. Ta nan wuta ke tashi.

Hyundai ya ce tun watan Afrilu na 2012 ya sake hanyar tsabtacewar, ya koma feshi da ruwa mai ƙarfi, saboda haka matsalar ba ta wuce motocin waɗannan shekaru biyu ba. Kia kuwa bai kira ko mota ɗaya ba a lokacin, bisa hujjar cewa nasa injunan a wani layi dabam aka haɗa su. Ba a cika shekara 2 ba sai ga maganar ta warware. A ƙarshen watan Maris na 2017 Hyundai ya ƙara kiran motoci 572,000 ƙirar 2013 da 2014, Kia shi ma ya kira fiye da 618,000. A can gida Koriya ta Kudu aka kira kimanin 171,000.

MUTUMIN DA YA FASA ƘWAI

Ba haka kawai kamfanonin suka sake shawara ba. Wani injiniyan Hyundai mai suna Kim Gwang-ho, wanda ya shekara 26 yana yi wa kamfanin aiki, ya hau jirgin sama a watan Agusta na 2016 ya tafi Washinton, ya kai takardun cikin gida ga hukumar kiyaye haɗurra a kan hanyoyi ta Amurka, wadda ake kira NHTSA a taƙaice. Abin da ya shaida musu shi ne, kamfanin ya san matsalar ta fi yadda ya bayyana girma, kuma ba wankin karanshaf kaɗai ba ne, har da yadda aka tsara injin tun asali. Kamfanin ya musa. Aka kore shi daga aiki a watan Nuwamba na wannan shekara bisa zargin fitar da asirin kamfani, sai da hukumar yaƙi da cin hanci da kare haƙƙin jama'a ta ƙasarsa ta sa baki aka mayar da shi, daga baya ya ajiye aikin da kansa.

Ana cikin haka sai ƙorafin gobara ya yi yawa. A watan Afrilu na 2019 NHTSA ta buɗe bincike a kan motocin kamfanonin biyu kusan miliyan 3, bayan an ƙidaya gobara fiye da 3,100 waɗanda ba haɗari ne ya haddasa su ba, da mutum 103 da suka ji rauni, da mutum ɗaya da ya rasa ransa.

A watan Nuwamba na 2020 hukumar ta yanke cewa kamfanonin sun yi jinkirin kiran motoci fiye da miliyan 1.6, kuma sun ba ta bayanan da ba daidai ba. Aka ɗora musu tarar dala miliyan 210: Hyundai miliyan 140, Kia miliyan 70. Daga ciki miliyan 81 ne aka biya tsaba nan take, sauran kuwa wani kashi aka ce su kashe wajen gyara harkar binciken lafiyar motocinsu, wani kashin aka rataye shi sai in sun saɓa alkawari. Shekara guda bayan haka, a watan Nuwamba na 2021, aka ba Kim ladan dala fiye da miliyan 24, kashi 30 cikin 100 na kuɗin da aka biya tsaba, kuma shi ne mutum na farko da hukumar ta taɓa ba irin wannan lada.

Sai dai tara aljihun gwamnati take shiga. Mutumin da injinsa ya mutu a kan hanyar zuwa aiki, shi abin da ya dame shi wane ne zai biya kuɗin sabon inji, wanda ya kai dubban daloli, wani lokaci ma ya fi darajar motar kanta.

ABIN DA TAKARDA TA CE

A nan ne mai motar hannu ya ga bambanci. Tun ƙarshen shekarun 1990 Hyundai ya yi suna a Amurka da garantin inji da giya na shekara 10 ko mil 100,000, watau kimanin kilomita 160,000, kuma da shi ya jawo masu saye a zamanin da ake yi wa motocin Koriya kallon raini. Kia ma ya bi sahu. Amma a cikin ƙananan rubutun takardar, wannan alkawari na wanda ya sayi motar sabuwa ne kaɗai. Da zarar ta shiga hannu na biyu, sai ya koma shekara 5 ko mil 60,000, ana ƙirgawa tun daga ranar da mai ita na farko ya ɗauke ta. Galibin motocin hannu kuwa, kafin su iso kasuwa sun riga sun cinye wannan wa'adi. A kiranyen 2015 ne kamfanin ya tsawaita garantin gindin injin waɗancan Sonata zuwa shekara 10 ko mil 120,000, ga mai ita na farko da na bayansa.

Ko ga wanda garantinsa ke da rai, akwai wani shingen. Garanti aibin ƙira yake ɗauka, ba ya ɗaukar sakacin mai mota, kuma abin takaicin shi ne, injin da ɓarɓashi ya kashe da injin da rashin juyen mai ya kashe, gawarsu kusan iri ɗaya ce: metal ya cinye, karanshaf ya ƙone. Saboda haka sai gareji ya ce a kawo rasit na juyen mai, a buɗe murfin saman inji a duba ko akwai daskararren mai kamar kwalta. Wanda ya sayi mota sabuwa yana iya tono rasit ɗinsa daga aljihun mota. Wanda ya saye ta bayan shekara 4 a ina zai samo rasit ɗin mutumin da bai taɓa gani ba? Masu motocin da suka kai ƙara sun yi zargin cewa da wannan hujja aka sallami mutane da yawa hannu rabbana. Dokar garanti ta Amurka ta 1975, wadda ake kira Magnuson-Moss, ta hana kamfani ya tilasta wa mutum yin sabis a garejinsa kafin ya cika alkawari, amma ba ta hana shi tambayar shaidar cewa an yi sabis ɗin ba.

Ƙararrakin aka haɗa wuri ɗaya a wata kotun tarayya da ke Jihar Kalifoniya. A watan Oktoba na 2019 aka ba da sanarwar sulhu wanda ya shafi motoci kimanin miliyan 4.17 ƙirar 2011 zuwa 2019, kotu kuma ta sa masa hannu a watan Mayu na 2021. Kamfanonin ba su amsa laifi ba, amma sun yarda da garantin gindin inji na muddin ran mota in lalacewar daga metal ta faro, ko mota ta yi mil nawa, ko ta shiga hannu nawa. Sun kuma yarda su mayar wa waɗanda suka riga suka yi gyara da aljihunsu kuɗinsu.

Wannan babban rabo ne ga mai motar hannu, amma da sharuɗɗa. Na farko, dole a kai motar a sa mata wata manhaja a kwamfutarta, wadda ke sauraron girgizar inji. In ta ji alamar metal ya fara cinyewa, sai fitilar inji ta riƙa ƙyaftawa, motar ta rage ƙarfi da kanta yadda za ta lallaɓa ta isa gareji kawai. Wanda bai sa manhajar cikin wa'adi ba, ana iya hana shi garantin. Mutane da dama da suka sayi motocin a hannu ba su san da zancen ba sai ranar da inji ya mutu, domin wasiƙar kamfani adireshin tsohon mai ita ta tafi. Na biyu, an bar wa kamfani ƙofar ƙin biya in an ga mummunan sakaci na tsawon shekara guda ko fiye. Na uku, dillalan motocin hannu da kamfanonin gwanjo ba su cikin masu cin moriyar garantin, haka nan motar da inshora ya riga ya yanke mata hukuncin cewa ta tashi daga aiki. Mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi na uku, domin zai sake tasowa.

Nauyin alkawarin ya fi yadda kamfanonin suka zata. A watan Oktoba na 2020 sun ware kuɗin Koriya won tiriliyan 3.36 saboda harkar injunan, a Oktoba na 2022 suka ƙara tiriliyan 2.9, ɗaya daga cikin dalilansu kuwa shi ne mutane sun daɗe suna hawan tsofaffin motocinsu fiye da yadda aka yi lissafi.

Kada a ɗauka abin na Koriyawa ne kaɗai. Toyota, wanda 'yan Nijeriya ke rantsuwa da ƙarkonsa, ya sha irin wannan ja-in-ja a kan daskarewar baƙin mai a injunan Camry da Sienna da wasu Lexus ƙirar 1997 zuwa 2002, cikinsu har da Camry ɗin nan da ake kira Pencil a kasuwannin ƙasar nan. Da farko kamfanin ya ɗora laifin a kan masu motoci da rashin juyen mai. A 2002 ya ba da kariyar shekara 8 ba tare da iyakar mil ba, a 2007 kuma aka yi sulhu a kotu a kan motoci kimanin miliyan 3.5. Camry mai silinda 4 ƙirar 2007 zuwa 2009, wadda ake yi wa laƙabi da Muscle, ita kuma shan baƙin mai ne ciwonta saboda zoben fistin, sai da kamfanin ya tsawaita garantin wannan ɓangare zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Duk waɗannan wa'adodi na Toyota sun daɗe da ƙarewa, motocin kuwa suna nan suna ta kabu-kabu.

DAGA GWANJO ZUWA APAPA

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka suka nufo. Nijeriya tana cikin manyan masu sayen na Amurka, abin da ya sauƙaƙa shi kuwa, tun 1972 da ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu da nasu gefe ɗaya suke. Waɗanda suka manyanta za su tuna zamanin da ma'aikaci kan karɓi rancen mota ya ɗauko Peugeot sabuwa fil daga masana'antar Kaduna, ko Volkswagen daga ta Legas, waɗanda aka buɗe a 1975, da littafin garanti da na sabis a cikin leda. Faɗuwar darajar Naira daga 1986 ita ce ta kawo zamanin tokumbo da 'yar Kwatano. Daga ran 1 ga Janairu na 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, aka karkata zuwa tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can.

To, mene ne rabon wanda ya sayi Sonata ko Optima a kasuwar Berger ta Legas daga cikin wancan sulhu na Kalifoniya? A zahiri babu. Garantin na reshen kamfanin da ke Amurka ne, a garejin wakilansa na can ake cika shi, kuma sulhun na waɗanda suka sayi motocinsu a Amurka ne. Wakilin kamfani da ke Nijeriya motar da ya sayar da hannunsa yake tsaya wa. Daɗin daɗawa, da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su daga filayen gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su da araha, bayan haɗari ko ambaliya, a gyara su a nan a yi musu fenti. Irin waɗannan su ne sharaɗi na uku ya fitar tun suna can. Sa'an nan dokar tarayyar Amurka, wadda ta hana sayar da sabuwar mota mai kiranyen da ba a gyara ba, ba ta hana dillalin motar hannu yin haka ba. Watau mota tana iya fitowa daga gwanjo ta shiga kwantena da ciwonta a ciki, ba tare da an karya wata doka ba.

In injin ya buga bayan wata 2, sai rigima ta dawo tsakanin mai saye da dillali. Dillali zai ce, "Alhaji, ai da bakanikenka ka zo, ya duba ya ce lafiya lau." Kuma ba lalle ba ne ƙarya yake yi, domin metal da ya fara cinyewa ba ya nuna kansa a zagayen gwaji na minti 10, shi kansa dillalin bai taɓa ganin cikin injin ba. Mai saye ma ba kullum yake da gaskiya tsantsa ba. Waɗannan injuna mai marar kauri aka ƙera su da shi, irin 5W-20 ko 5W-30, amma kanikawa da yawa 20W-50 suka saba zubawa a kowace mota, ga jabun mai da jabun filta a kasuwa, ga ƙura da zafi da cunkoso. In aka haɗa da mayar da mitar mil baya, wanda ba baƙon abu ba ne a harkar, sai a rasa bakin zaren gaba ɗaya. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci da mayar da masu aibi. Amma cinikin da aka yi da baki, rasit ɗinsa layi biyu, babu wata magana a kan inji, da wuya a ɗora shari'a a kansa, shi ya sa galibi a ofishin shugaban kasuwa ake ƙare maganar, a raba asara.

Akwai dai abin da mai saye zai iya yi kafin ya biya, kuma bai kai kuɗin la'ada ba. Kowace mota da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun 1981 tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba wajen direba. In aka sa ta a shafin NHTSA na intanet, kyauta zai nuna ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Kamfanoni irin su Carfax kuma, in an biya su, suna nuna mil nawa motar ta yi a can, ko ta taɓa zuwa gwanjon inshora, wani lokaci har da tarihin sabis ɗinta. Motar da aka riga aka sake wa inji a ƙarƙashin kiranye ta fi wadda ba a taɓa kai ta ba kwanciyar hankali. Ya kamata kuma a tashi injin da sanyin safiya kafin kowa ya ɗumama shi, a saurara, a buɗe murfin zuba mai a leƙa, a sa na'urar bincike a kwamfutar motar. Lambar P1326 ita ce shaidar cewa manhajar nan ta taɓa jin motsin da ba ta yarda da shi ba. Wanda ya iya shawo kan dillali ya rubuta masa a rasit cewa ya tsaya wa inji na wasu makonni, ya samu abin riƙewa.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa kuwa, hanyarsa ɗaya ce, kasuwar Ladipo da ke Mushin ko 'yan'uwanta na sauran garuruwa, inda ake sauke injunan hannu daga kwantena. Mai shago zai ba shi 'yan kwanaki na gwaji, in sun wuce shi ke nan. Injin da zai ɗauka ɗin, daga cikin wata Sonata ko Optima aka ciro shi a wani filin tarkacen motoci, ya iso babu takarda, babu mitar mil, babu rasit na juyen mai ko ɗaya.